Kunnena ne ya sauke ni daga sama

Ni tsohon matuƙin jirgin soja mai saukar ungulu ne. Ban yi haɗari ba, ba a harbo ni ba, ba a kuma kore ni daga aiki ba, ko da yake har gobe akwai masu faɗin haka a Nima, unguwarmu da ke Accra, babban birnin Ghana. Ciwon kunne ne ya raba ni da tuƙi, kuma da ƙafata na kai kaina wurin likita. Na daɗe ba na son a tayar da maganar. Yanzu zuciya ta yi sanyi, shi ya sa na ga gara in faɗe ta da bakina.

A Nima aka haife ni, a gidan haya mai ɗakuna jere, famfo ɗaya, bayi ɗaya. Babanmu tela ne, da yamma kuma yana biya wa yara allo a zaure. Mma tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi tun kafin kiran assalatu. Duk wanda ya san Accra ya san babban filin jirgin saman birnin ba shi da nisa da mu, sansanin sojan sama kuma yana jikinsa, don haka da ƙarar jirgi muka yi wayo. Manyan jiragen fasinja ba su taɓa ɗaga mini hankali ba. Amma da na ji fat-fat ɗin helikwafta, sai in jingine allo in fita da gudu, in dawo in sha dorina, gobe ma in sake. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarfe mai wannan nauyi zai tsaya cak a sama, ba gaba ba baya.

A lokacinmu yaran zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi irin tamu, da yawa ba sa nisa a boko. Baba ya tsaya kai da fata sai na haɗa biyun. Na yi kimiyya a sakandare, na wuce jami'a a Kumasi, da na gama na nemi shiga sojan sama, ban gaya wa kowa ba sai da takardar kira ta zo. Mma ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Babana, duk sana'ar duniya ka rasa sai soja? Sojan ma na sama, inda ko reshe babu da za ka kama?" Baba bai ce uffan ba sai da muka dawo daga sallar isha'i. Ya ce in je, Allah ya yi albarka, amma in sani ran mutane za a riƙa damƙa mini, ba yadi ba da in ya ɓaci ake komawa kasuwa a sayo wani.

Makarantar horar da hafsoshi ta Teshie ba zan tsaya a kanta ba. Gudu ne da fareti da rashin barci. Karatun gaske ya fara ne da aka tura mu ƙasar waje koyon tuƙi, a wani ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Amurka mai kujera biyu.

Mutane suna zaton wannan tuƙi ƙarfi yake so. Ko alama. Hannun dama yana riƙe da sandar da ke tsakanin gwiwoyinka, ita ke karkata babbar farfelar sama gaba ko baya ko gefe, inda ta karkata kuma nan jirgi zai bi. Hannun hagu yana kan wata sanda a gefen kujera. In ka ja ta sama, fukafukan farfelar duka su ƙara kwana su ciji iska, jirgi ya ɗaga, injin kuma ya ƙara wuta don kada juyawar ta ragu. To a nan gizo ke saƙa: farfela tana juyawa ta wannan gefe, gangar jirgin tana neman juyawa ta wancan. Ƙaramar farfelar wutsiya ce ke hana ta, ita kuwa da ƙafa ake sarrafa ta, feda biyu. Ba yadda za ka taɓa ɗaya ka bar sauran. Ka ja hannun hagu, hanci ya juya, ka taka feda, jirgi ya zame gefe, ka gyara da hannun dama, ya ɗan nutse, ka koma hannun hagu.

Tsayawa wuri ɗaya, abin nan da ya burge ni ina yaro, shi ya fi komai ba ni wuya. Malaminmu ya kai ni wani makeken fili ya ce in riƙe jirgin a cikinsa. Filin bai ishe ni ba. Ina gyarawa ina wuce gona da iri, jirgi yana lilo, gumi ya jiƙa mini riga, shi kuwa ya zuba mini ido sai an kusa ɓaci ya karɓa. Yana karɓa jirgin ya nutsu. Kullum maganarsa ɗaya: daina kallon ƙasan ƙafarka, dubi nesa, sassauta hannu, yatsu uku sun isa. Wata safiya kawai sai ga jirgi ya tsaya mini. Hannu ne ya koya kafin kai ya gane.

Darasin da ya fi ba mutanen gida mamaki in na ba su labari shi ne na mutuwar injin. A tunaninsu injin yana tsayawa shi ke nan an faɗo. Ba haka abin yake ba, in matuƙi ya yi hanzari. Nan take za ka danna sandar hagu ƙasa, fukafukai su kwanta, jirgi ya fara gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela. Wannan juyawar ita kaɗai ta rage maka, sau ɗaya kuma za ka yi amfani da ita: dab da ƙasa ka ɗaga hanci ka kashe gudu, ka daidaita jirgi, sannan ka ja sandar hagu ta tausasa saukar. Ka ja da wuri, ka ƙarar da ita a sama. Ka makara, ƙasa ta riga ka. Malami yakan rage wuta ba sanarwa kana tsakiyar magana, don ya ga ko hannunka zai riga bakinka.

Da muka dawo gida aka sa ni a Mi-17, ƙirar Rasha, ƙato mai injin biyu da fukafukai biyar, yana ɗaukar sojoji fiye da 20 da kayansu. Mutum uku ne a gaba: kyaftin a hagu, mataimaki a dama, injiniyan jirgi a tsakaninsu yana lura da injin da mai. Farfelar jiragen Amurka da ta Rasha ba gefe ɗaya suke juyawa ba. A can na saba in na ƙara wuta in taka fedar hagu, a nan dama ake takawa. Sai da ƙafafuna suka koma aji ɗaya.

Na yi aiki da rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwaddibuwa, wadda aka kafa a 2004, inda Ghana ta ajiye jiragenta a Buwake. Mu kai sojoji, mu kai abinci, mu ɗauko marasa lafiya daga inda mota ba ta shiga. A can da arewacin ƙasarmu na ga abin da littafi ya faɗa da idona: zafi yana cin ƙarfin jirgi. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, injin ma yana raguwa. Nauyin da za ka ɗaga da sanyin safiya a Takoradi ba za ka ɗaga shi da azahar a Tamale cikin watan Maris ba. Sau da yawa na tsaya da takardar lissafi a hannu ina gaya wa wanda ya girme ni a muƙami cewa ko a sauke buhuna, ko a sauke mutane, ko a jira la'asar sakaliya. Ba sa son ji, amma lissafin ba ya sara wa kowa.

Sai ƙura da hazo. In za ka sauka a busasshen fili, iskar farfelarka ce ke tayar da ƙura ta lulluɓe ka a daidai lokacin da ka fi bukatar ganin ƙasa. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana shafe layin da ya raba sama da ƙasa. Saboda haka ne aka koya mana aikin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, motsin ruwan ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka juya ko ka karkata. A ƙasa suna aiki lafiya don ido yana taya su. A cikin gajimare kuwa ƙarya suke yi. In jirgi ya karkata a hankali ba sa ji. In ka daɗe cikin kwana sai su ɗauka ka miƙe, da ka miƙe da gaske kuma su ce ka karkata ɗaya gefen. Matuƙa da yawa a duniya sun mutu suna da yaƙinin jirginsu daidai yake tafiya. An horar da mu mu ƙaryata jikinmu, mu gaskata agogunan da ke gabanmu.

A 2015 aka kawo jirage huɗu ƙirar Z-9 daga Sin, ƙanana masu sauri, farfelar wutsiyarsu a cikin zobe take. Ina cikin masu sa ran za a mayar da su kansu. Lokacin na yi aure, muna da yara biyu, na sayi fili a Kasoa gini ya kai linta, na yi wa Mma alkawarin Makka. Baba ya riga mu gidan gaskiya.

Shekarar da ta biyo baya na fara jin kunnen hagu ya toshe, da wata ƙara zuuu da ba ta tsayawa. Na ɗauka gajiyar ƙarar injin ce, wanne matuƙi ne bai san ta ba. Wata asubar Juma'a na sunkuya ina alwala, sai duniya ta kife. Ba jirin yunwa ba ne da ake zama ya wuce. Bango, famfo, ƙofa, duk suka shiga juyawa da gudu, na kai hannu na damƙi bokiti da iya ƙarfina, muka zube tare. Amai ya biyo. Ko ido ban iya buɗewa ba. Matata ta jawo ni ɗaki tana salati tana tambaya, "Maigida, ko hawan jini ne?" Sai da hantsi ya dubi ludayi abin ya lafa. Kafin la'asar na miƙe garau, ka rantse ba abin da ya same ni.

Ranar Litinin ina da tashi.

Wannan Asabar da Lahadi su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba wanda ya sani sai matata. Ban daɗe da cin gwajin lafiya na shekara ba, takardata fes. Zuciya ta kawo mini hujja iri-iri, kowace da kanta. Wataƙila zazzaɓin sauro ne. Wataƙila ba zai sake dawowa ba. Ga gini, ga kujerar Mma, ga ƙannena da nake biya wa makaranta, ga yaran unguwa da iyayensu ke nuna ni suna cewa ku yi karatu ku zama kamar wane. Na kira wani abokin aiki da na amince da shi na yi masa zancen a kaikaice, ya gane, ya ce in dakata in ga ko zai maimaita, don ƙofar likitan nan shigarta ta fi fitarta sauƙi. Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ƙauna ce. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce mu biyu ne ke tuƙi, in abin ya zo sai mataimaki ya karɓa.

Bokitin nan ne ya rushe ta. Abin bai yi mini sallama ba, kuma da ya zo ban saki hannu ba, damƙa na yi na ja. A cikin jirgi abin da zan damƙa sandar tuƙi ce. In muna sama sosai, mataimaki zai iya ƙwacewa. In kuwa muna 'yan taku daga ƙasa, cikin ƙura, bishiyoyi dama da hagu, mutum 20 a baya, kafin in ce karɓi an gama. Na san wannan fiye da kowane likita, don aikina ne.

Daren Lahadi na zayyana wa matata duk abin da za mu rasa, ɗaya bayan ɗaya, ina fatan a ƙasan raina ta ce in yi shiru. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Maigida, gini zai jira. Amma in ka tashi gobe, ni ba zan iya haɗa ido da matan waɗanda ka ɗauka ba."

Da safe na shiga ofishin kwamandanmu na sara masa na ce, "Yallaɓai, a cire sunana daga jadawalin yau, zan ga likita." Na gaya masa dalili. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ka san inda wannan zai kai?" Na ce na sani. Ya ɗauki biro ya ja layi.

Watanni aka yi ana gwaji, a cikinsu kuma jirin ya dawo ba sau ɗaya ba. Awon ji ya nuna kunnen hagu yana rasa sauti mai kauri. Aka ce ciwon Meniere ne, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1861. Ruwan cikin kunne ne ke taruwa ya yi yawa, ya rikita ji da daidaiton jiki a tare. Ba a warkar da shi, lallaɓa shi ake yi: a rage gishiri, a sha maganin rage ruwa, a guji abin da ke tayar da shi. Kwamitin likitoci ya zauna ya ce na gama tuƙi har abada. Hukuncin daidai ne. Da ni ne a kujerarsu, abin da zan sa wa hannu ke nan.

Sanin cewa daidai ne bai rage mini komai ba. Aka ba ni tebur a ofishin tsara tashin jirage, tagarsa tana kallon inda ake tayar da su. Alawus na tuƙi ya tafi, tafiyar waje ta tafi, ciyawa ta fito a ginin Kasoa. A gida aka raba mini tukunya, ba dunƙule, ba kifi mai gishiri, shito, soyayyen yajin nan namu, sai dai in gani. Goro da ataya, da na tashi da su a majalisar unguwa, su ma na bari.

Abin da ya fi karya ni a Nima ya faru. Na je gaida Mma ranar Juma'a, muna fitowa daga masallaci ya kama ni a tsakiyar jama'a. Na yi tangaɗi, na dafa bango, na yi amai a kwata. Kafin magariba labari ya zaga: ɗan Malam tela giya yake sha, shi ya sa aka kore shi daga jirgi. Masu tausayi kuma suka ce sammu ne, abokan aiki ne suka yi mini don hassada, wasu suka ce iska na gamu da ita a sama. Ciwon da ba ya kumbura, ba ya jini, mai shi kuma gobe a gan shi lafiya, wuyar gaskatawa gare shi. A wurin sayar da koko Mma ta ji maganar giyar. Ta aika aka kira ni. Na zo da takardun asibiti a hannu zan yi mata bayani. Ta ce, "Babana, ajiye takardarka, ni ban iya karatu ba. Bakinka nake so in ji. Tsakaninka da Allah, ka taɓa sha?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce shi ke nan. Ba ta sake tayar da zancen ba, ta dai riƙa aiko mini da rubutu a gora, ina sha tare da ƙwayoyin asibiti.

Bayan wannan na daina fita. In na dawo aiki sai ɗaki. Barci ya ƙaurace, yara suka fara tsorona saboda tsawa, in na ji ƙarar farfela sai in tashi in rufe taga. Ban taɓa kiran abin da suna ba, mu mazan zango ba a koya mana haka ba, sai dai a ce wane ya zama miskili. Matata ce ta sa ni gaba har wurin likitan damuwa, ta zauna a waje tana jira don kada in sulale. Na je ina jin kunya, na ci gaba da zuwa saboda na ga amfaninsa. Duk wanda ya ce zuwa can rashin tawakkali ne, bai kwana ido biyu yana lissafin rayuwar da ta kuɓuce masa ba.

Wani babba a wurin aiki ne ya buɗe mini wata ƙofa. Ya ce in riƙa koyar da sababbin matuƙa darasin yanayi, lissafin nauyi, da yadda jiki ke yaudarar mutum a sama. Da farko na ɗauka sadaka ce ake yi mini. Ranar da muka zo kan kunne na rufe littafi na ba su labarina tun daga alwala har layin biro. Ajin ya yi tsit. Daga baya sai ga su ɗaya-ɗaya a ofishina, murya ƙasa-ƙasa: wannan mura ta toshe masa kunne, wancan bai yi barci ba yaronsa na asibiti, shin ya tashi ko ya faɗa? Yawancinsu hutun 'yan kwanaki ne kawai suke bukata, su koma bakin aiki. Tsoron kada a yi musu kallon ragwaye ne ke rufe musu baki.

Na yi ritaya daga baya. Yanzu ina koyar da lissafi da kimiyya a wata sakandare. Kunnen hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya, jirin kuma ya yi sauƙi, sai jefi-jefi. Ba na tuƙa mota zuwa nesa, trotro, ƙaramar bas ta haya, nake hawa. Gini ya ƙaru a hankali har muka tare. Mma ta sauke farali, a makare, amma ta sauke.

Ranar Laraba 6 ga Agusta 2025 ina aji wayata ta hau ruri ba ƙaƙƙautawa. Ɗaya daga cikin jiragen Z-9 ɗin nan ya tashi daga Accra zuwa Obuasi, inda za a yi taro kan haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom a yankin Ashanti. Mutum takwas, ba wanda ya fita: ministan tsaro Edward Omane Boamah, ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, muƙaddashin mataimakin mai kula da tsaron ƙasa Alhaji Muniru Mohammed, da wasu biyu, da sojojin sama uku da ke aikin jirgin. Ranar Lahadi Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya jagoranci sallar musulmin biyu. Kwanakin nan gidana bai rabu da mutane ba, kowa yana so in ce ga abin da ya faru, ko harbo shi aka yi, ko matuƙi ne, ko injin. Na ƙi cewa komai, don yanke hukunci daga kan tabarma zalunci ne ga mamaci da iyalinsa. A Nuwamba masu bincike suka ce iska ce mai dannowa ƙasa, a kan tuddai cikin mummunan yanayi, ta ƙwace wa jirgin tsayinsa farat ɗaya.

Wasu da suka taɓa cewa giya ce ta sauke ni suka zo suna riƙe mini hannu suna cewa, "Ka gani? Allah ne ya so ka, da kana ciki." Na san alheri suke nufi, amma maganar ba ta yi mini daɗi ba, na kuma gaya wa ɗaya daga cikinsu. Waɗanda suka tafi ba ƙin su Allah ya yi ba. Aikinsu suka fita yi, wa'adi ya same su a can. Ciwona kuma ciwo ne, bai zama tikitin tsira ba don wani ya mutu.

Babbar 'yata tana ajin ƙarshe a sakandare, kimiyya take yi, kuma ta fi ni kai a lissafi. Bayan sadakar bakwai ɗin mamatan nan, lokacin da kowa ke cewa ko kyauta ba zai hau helikwafta ba, ta same ni a tsakar gida ta ce, "Abba, in na gama jami'a sojan sama zan nema." Na tambaye ta ko ta ga abin da ya faru. Ta ce ta gani. Na kai ta an auna mata ido da kunne, duk lafiya. Uwarta ta ce ba da yawunta ba, Mma kuma ba a gaya mata ba tukuna. Har yanzu muna kan maganar.